Sulo na hawa da sauka a tsohuwar mota mai injekta: yaushe ne biren bos ke da laifi, kuma yaya ake saka na kasuwa

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Terminus a Jos da rana, dunduniya kan birki ɗan yatsan ƙafa kan totur don kar mota ta mutu masa a tsakiyar 'yan Keke, ya san abun da nake magana a kai. Allurar rezin, wato mai nuna juyin injin, ta hau 1,500 ta faɗo 600 ta sake hawa, motar tana ta haki, ka kunna esi ta yi karkarwa ta ɗauke. Ka kai gareji kafin ka rufe baki an ce maka biren bos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin.

Ni ma haka aka ce mun a kan Honda Bulldog ɗina ƙirar 1995. Na sayo biren bos na Beljiyam aka ɗaura, muka tada mota, wallahi ko minti biyar bata yi ba ta koma hawa da saukarta kamar ba a taɓa komai ba, kuɗi sun tafi kuma mai kaya ya ce kayan wuta ba a dawowa da su. Daga baya wani dattijon makanike a Farin Gada ya cire babban tiyon iska, ya jira injin ya yi zafi, ya sa babban yatsansa ya toshe wani ƙaramin rami na ƙasa a cikin gidan totur, nan take sulo ya kwanta lakadan. Ya kalle ni ya ce, "Alhaji, ai ƙwaƙwalwar motarka lafiya lau take, ƙarya ake mata." Wannan maganar ita ce tushen duk abun da zan faɗa a nan. Biren bos aiki yake da labarin da sensoshi suka kawo masa, in an kawo masa ƙarya zai yanke hukunci a kan ƙarya, ko da ka sayo wanda ya fi motar tsada. Biren bos na kasuwa, wato wanda ba na kamfanin motar ba, da ake saitawa da kwamfuta yana da amfani sosai, mun saka shi a motar ƙanena kuma har yau tana aiki, amma sai bayan ka tabbatar injin da kansa lafiyayye ne.

Me ke riƙe sulo tukuna

Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, faifan da ke cikin gidan totur yana rufewa kusan ruf, toh injin ta ina zai sha iska? Akwai wata 'yar hanya ta gefe da bawul ɗin sulo ke tsaro, biren bos ne ke buɗe shi yana rage shi don ya riƙe injin a wajen juyi 700 zuwa 850 a minti idan ya yi zafi. Yana duba zafin ruwa, yana duba ko totur a rufe yake, yana duba yawan iskar da ke shiga, sannan ya ba nozul umarnin adadin mai. Ka kunna esi ko fitila ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, nauyi ya ƙaru, sai ya ƙara buɗe bawul ɗin.

Hawa da saukan nan kuwa ga yadda yake faruwa. Iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, injin ya haura sama da inda ya kamata alhali sensan totur yana cewa ƙafa bata kai, sai biren bos ya ɗauka gangara kake yi ka saki totur, ya yanke mai gaba ɗaya kamar yadda aka tsara shi don tsimi, injin ya faɗo, ya dawo da mai, injin ya sake haurawa. Kaga aikinsa yake yi daidai, ramin iskar ne ɓarawon.

Mataki na farko, abun da ba ya cin kuɗi

Fara da tamostat. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a motocinmu, ana shigo da mota daga Kwatano a ce ai ta ƙasar sanyi ce, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa tun daga tada mota. A Kano ko Maiduguri ma kuskure ne balle Jos da sanyin Disamba da Janairu. Injin mai injekta an yi shi ne ya yi aiki a zafin wajen digiri 80 zuwa 90, in bai kai nan ba biren bos yana ganin har yanzu safiya ce, yana ta ƙara mai yana riƙe sulo sama, fulogi ya yi baƙi, man da tun cire tallafi a 2023 ya zama abun da ya zama yana ta tafiya a banza. Mayar da tamostat, mayar da fanka kan suwicinta na zafi. In mota na zafi bayan haka toh lagireto ne ya toshe ko fanka ko famfon ruwa (wata fam), shi za a gyara.

Bayan ka zuba ruwa ka tabbatar ka fitar da iska. A Honda irin su Hala da Bulldog akwai wani ɗan noti a gidan tamostat da ake sassautawa har ruwa ya fito ba kumfa. Ruwan lagireto yana ratsa ta bawul ɗin sulo da kuma wani bawul na sulon sanyi da ke manne a gidan totur, shi wannan na biyun ba wuta yake amfani da ita ba, wani abu ne kamar kakin zuma a ciki da ke kumbura in ruwa ya yi zafi ya rufe hanyar iska. In iska ta maƙale a tiyon ko farin robar ciki ta warware, ba zai rufe ba. Shi ne ramin da dattijon nan ya toshe da yatsa. Noti biyu ya kwance ya murɗa robar ta koma mazauninta, shikenan aikin da na yi wa asarar kuɗin biren bos.

Sai ka bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya da hannu, ba da ido kawai ba, ka lanƙwasa kowanne don tsagewar tana ɓuya a ƙasa. Babban tiyon da ke zuwa bustan birki, na bawul ɗin da ke kan murfin injin, ƙaramin da ke zuwa regileta na mai, da gasket ɗin manifol. Mota tana sulo ka ɗan fesa kab kilina, wato feshin wanke kafireto, kaɗan kaɗan a mahaɗa, inda sautin injin ya canza nan ne ramin, amma dan Allah a fili za ka yi wannan, nesa da salansa mai zafi da wayoyin fulogi, kuma abun kashe gobara yana kusa da hannunka. Ka taka birki da ƙarfi ka riƙe, in sulo ya rikice a lokacin toh robar cikin busta ta fashe.

Cire gidan totur da bawul ɗin sulo ka wanke. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna haɗuwa su zama wani danƙo baƙi ƙirin a bakin faifan da cikin ragar bawul ɗin. Ka duba ma ko wani ya taɓa ɗaure wayar totur ta yi tauri ko ya murɗa notin da faifan ke tsayawa a kai don ya ɗaga sulo, wannan aikin gaggawa ne da ke lalata komai, don daga nan sensan totur ba zai sake gaya wa biren bos cewa an rufe ba.

Mataki na biyu, awo

Nan sai da mita, irin ta 'yan rewaya, ko mai araha ta isa. Batir da mota a kunne ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5, in yana rawa altaneta ce, kuma wuta mara tsayi tana canza saurin buɗewar nozul. Kwance wayoyin at, wato na negetif da ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, na injin da na jikin mota ka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari ka ɗaure.

Sensan zafin ruwa na biren bos, ba wanda ke kai wa allurar dashbod ba, a yawancin motocin nan yana nuna wajen om 2,000 zuwa 3,000 da sanyin safiya, in injin ya yi zafi sosai ya sauko wajen 300. In ya tsaya wuri ɗaya ko yana tsalle, ya mutu. Sensan totur a Honda wajen rabin volt yake nunawa a rufe, wajen 4.5 in an take har ƙasa, kuma ka buɗe shi a hankali kana kallon mita, dole lambar ta hau sumul ba tsinkewa. Sensan salansa na asali, wanda ke auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, in ya yi zafi yana lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9 da sauri, in ya zama rago ko an yanke wayarsa lokacin da aka cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, toh ka samu wani ɓarawon. Matsin mai a yawancinsu wajen bar 3 ne in an zare tiyon regileta, kuma in ka zare tiyon ka ga fetur a ciki regiletan ya fashe. Fulogi, wayoyinsa, murfin distributa, sai kwamfireshan na kowace silinda, su zama kusa da juna. Silinda ɗaya mai rauni babu kwamfutar da za ta gyara ta a duniya.

Kar ka manta motar tana iya magana da kanta. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket na OBD2 da kowace na'urar sikanin za ta karanta, na Turai masu fetur sai daga 2001 ya zama dole. Na kafin nan da ƙiftawar wutar cek suke magana. A tsohuwar Toyota ka haɗa TE1 da E1 a ɗan akwatin gwaji da guntun waya ka murɗa makulli ba tare da ka tada ba, ka ƙirga ƙiftawa, 22 zafin ruwa, 41 totur, 21 sensan salansa. A Honda wani soket ne mai baki biyu ta ɓangaren fasinja da za ka haɗa bakunansa da guntun waya, doguwar ƙiftawa goma gajera ɗaya, 14 bawul ɗin sulo, 6 zafin ruwa, 7 totur, 3 sensan matsin iska. In ka murɗa makulli wutar cek bata kama ba kwata kwata, duba ko an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala kafin a sayar maka.

Mataki na uku, yanzu ka buɗe biren bos ɗin

In duk na sama sun fita lafiya kuma ciwon na nan, cire kan batir, ciro akwatin, kwance murfin ka kai hanci. Motocin shekarun 1990, musamman Honda da Toyota da Mitsubishi, an san su da kafasitocin da ke tsufa su zubar da ruwan cikinsu a kan allon, ruwan yana cin layukan tagulla. Za ka ji wani ƙarni kamar na kifi, ka ga kore kore ko baƙi a gindin 'yan gwangwanayen. Alamarsa a waje ita ce motar ta yi hauka da safe ta daidaita in ta ɗumama, ko ta mutu haka kawai ba lambar laifi. Mai gyaran talabijin da hannunsa ya faɗa zai canza su da masu lamba iri ɗaya masu jure digiri 105, ya wanke allon, ya ɗinke layin da ya tsinke da siririyar waya. Wannan gyaran ya fi sayen na Beljiyam hankali a wajena, don shi ma na Beljiyam ɗin shekarunsa ɗaya da naka kuma kafasitocinsa iri ɗaya ne. In kuma dole sai ka saya, lambar jikinsa ta yi daidai harafi da harafi, na otomatik daban na manuwal daban, kuma ka yi ciniki a kan za a gwada a motarka kafin ka biya.

Yaushe ne na kasuwa ya zama mafita

In allon ya ci ya wuce gyara kuma irinsa ya yi wuyar samu. In an canza wa mota injin da ba nata ba aka yi ta dabarar waya har ba wanda ya san ina aka dosa. In akwai wani sensa na asali da babu shi a kasuwa ko kuɗinsa ya wuce hankali. Motar ƙanena Carina E ce mai injin 4A-FE irin mai tsimin mai ɗin nan da aka yi wa Turai, sensan salansarta ba irin na kowa ba ne, wani ya saka mata na gama gari, ga ruwan damina ya shiga akwatin ta ƙasan gilashi, ga waya an yanka an ɗaura ta ko'ina da baƙin salatif. Irin wannan motar ce ta cancanta.

Kala uku ne a kasuwa. Akwai 'yan goyo irin su Apexi SAFC da GReddy e-Manage da ake ɗorawa a kan na asali suna canza labarin sensa kafin ya isa, waɗannan ban ba ka shawararsu don sulo ba, ƙarya ce a kan ƙarya kuma na asalin zai yi ta ƙoƙarin warware abun da suka yi. Akwai gyaran na asali, a Honda na 1992 zuwa 1995 irin akwatin P28 da P06 ana saka masu cif ko allon Hondata S300 a riƙa saita su da laftof, in motarka ta dace da wannan hanya ce mai daɗi don wayoyin asali ba a taɓa su. Sai cikakken mai zaman kansa da ke karɓe mai da wuta da sulo duka. A nan akwai MegaSquirt da Bruce Bowling da Al Grippo suka fara a Amurka wajen 2001, akwai Speeduino na Josh Stewart ɗan Ostareliya da aka gina a kan allon Arduino Mega 2560, shi ne mafi sauƙin kuɗi, sai manya irin Haltech da Link da ECUMaster da ake biya da dala mai yawa. Don gyaran sulo a motar zuwa aiki da kai yara makaranta, Speeduino ko ƙaramin MegaSquirt ya isa har ya yi yawa, mu Speeduino muka ɗauka.

Kafin ka tura kuɗi ka amsa wa kanka tambayoyin nan. Giya otomatik ce da biren bos ke sarrafawa? Toh na asali dole ya zauna yana kula da giya, sabon ya karɓi injin kawai, kuma wannan aiki ne mai wuya, manuwal ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai imobilaiza kamar a Peugeot 406? Allurar rezin da esi da fanka daga ina suke karɓar umarni? Bawul ɗin sulonka waya nawa gare shi, don mai biyu da mai uku bugun wuta ake ba su, mai huɗu kuma irin na Peugeot 'yar na'ura ce mai juyi taku taku da ke buƙatar ƙarin ɗan allo, a Speeduino DRV8825 ake sakawa. Nozul ɗinka ka auna, in wajen om 12 zuwa 16 ne kai tsaye za a haɗa, in 2 zuwa 3 ne sai da akwatin resisto. Sai babbar tambaya, daga ina sabon zai san inda fistin yake. Wasu injina suna da faifai mai haƙora 60 an cire 2 irin na Bosch, wasu 36 an cire 1 irin na Ford, wasu a cikin distributa abun yake, ka buɗe ka ƙirga haƙoran da idonka ka duba ko manhajar sabon akwatin ta san wannan tsarin. In sensan mai maganaɗisu ne sai ka haɗa da ɗan allon da ke gyara siginar.

Kuma ka saka kuɗin sensan waidban a lissafi tun farko, irin mai Bosch LSU 4.9 da na'urarsa. Shi ne ke gaya maka ainihin gaurayen iska da mai a lamba. Saita mota babu shi lalube ne cikin duhu.

Haɗa waya

Kar ka yanke wayoyin asali in da hali. Nemo mataccen biren bos irin na motarka a kasuwar kayan mota ta Dilimi, cire soket ɗinsa, ka yi 'yar gada daga shi zuwa sabon, ta yadda ko gobe ka so komawa sai dai ka zare ka mayar. Nemo zanen wayoyin motar na ainihin shekararta ka bi kowace waya da mita kafin ka yarda da kalarta. Ka zauna da ɗan rewayan da zai yarda ya karanta zane, ka kuma kasance a wajen.

At ɗin sensoshi duka su koma cikin sabon akwatin, shi kuma at ɗinsa ya tafi jikin injin wuri ɗaya, ba a warwatsa su a bodi ba. Wayar sensan juyin injin ta zama mai sulke kuma ta yi nesa da kwayil da wayoyin fulogi da altaneta, fulogi kuma masu resisto. Wuta ta rile da fis, kowace mahaɗa a matse ta ko a yi mata dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Speeduino ba ya kunna kwayil kai tsaye, sai ta ignita, wato 'yar na'urar da ke kunna kwayil, in ka haɗa kai tsaye wani abu zai ƙone. Tiyon matsin iska ka ɗauko shi daga tsakiyar manifol bayan totur, kar ya yi tarayya da na busta. Akwatin a cikin mota zai zauna, a sama, bakin soket yana kallon ƙasa, kuma ka toshe inda ruwa ya shiga wa na farko.

Tayarwa da saiti

Manhajar TunerStudio ake amfani da ita, akwai ta kyauta, ta kuɗin kuma tana iya gyara teburin mai, wato jadawalin lambobin da ke faɗin yawan man da za a ba injin a kowane juyi da matsin iska, da kanta yayin da kake tuƙi. Shigar da girman injin, yawan silinda, ƙarfin nozul, tsarin haƙora. Koya masa totur a rufe da a buɗe. Koya masa sensan zafi da awo uku, ruwan ƙanƙara, ruwan ɗaki, ruwan da ya tafasa, kana auna zafin da om ɗin kowanne, kuma ka sani a Jos ruwa yana tafasa ne wajen digiri 96 ba 100 ba saboda tudu, don haka ka sa ma'aunin zafi a ciki. Da safe kafin a tada, zafin ruwa da zafin iska su nuna kusan abu ɗaya.

Murɗa makulli ka kalli matsin iska. A bakin teku wajen kPa 101 yake nunawa, a Jos da ke sama da mita 1,200 za ka ga wajen 87, kuma daidai ne, kar ka ce sensa ya lalace. Haka in ka sa agogon zuƙar iska a manifol zai nuna ƙasa da abun da littafin Turawa ya ce da wajen inci huɗu.

Cire fis ɗin fiyol fam ka yi sitata kana kallon laftof, juyin ya fito a tsaye ba tsalle ba. Sai ka kulle tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, a digiri 10 a manhaja ka haska fitilar tayimin a kan fule, ka gyara lambar har abun da ke kan fule ya yi daidai da na laftof. Wannan matakin mutane ke tsallakewa saboda ɗoki, kuma duk abun da ka gina bayansa a karkace zai tafi. In ta tashi ka sake dubawa a sulo da kuma in an yi rezin.

Yanzu sulo. Bari ta yi zafi sosai har fanka ta kama ta saki. Kar ka fara da barin akwatin ya bi sulo da kansa, sa bawul ɗin a buɗewa ɗaya tsayayya tukuna. Duba inda injin ke zaune a teburin mai, yawanci matsin 30 zuwa 40, ka daidaita gidajen da ke kewaye da wajen su zama kusan lamba ɗaya, don in gida ɗaya ya fi maƙwabcinsa da yawa injin zai riƙa faɗawa daga wannan zuwa wancan, mai ya ƙaru ya hau, ya ragu ya sauka, ka ƙirƙiro sabon hawa da sauka da hannunka. Nemi gaurayen iska da mai a waidban ya nuna wajen 14 zuwa 14.7, wasu tsofaffin injina sun fi kwanciya a 13.5 zuwa 14. In kunna fitila da fanka yana canza lambar waidban, toh lokacin jinkirin buɗewar nozul ne ba daidai ba, wajen milisakan ɗaya yake kuma yana ƙaruwa in wuta ta ragu, gyara shi a nan kar ka taɓa teburin.

Abun da ya fi burge ni a wannan aikin shi ne riƙe sulo da tayimin. Bawul yana da nawa, kafin ya buɗe iska ta iso an ɗan jima, amma tayimin a bugu na gaba yake aiki. Sai ka ajiye tayimin na sulo a wajen digiri 10 zuwa 14, ka ce in juyi ya faɗi ƙasa da manufa a ƙara digiri kaɗan, in ya haura a rage. Ranar da muka kunna wannan a Carina muna tsakar gida a Rikkos, ƙanena ya sa kofin shayi a kan murfin injin, ya kunna esi ya murɗa sitiyari, allura ta ɗan sunkuya ta dawo 800 ta tsaya, shayin ko zuba bai yi ba. Bayan nan ne za ka kunna bin sulo na kansa da lambobi ƙanana, in ka ga ya fara lilo ka rage. Ka ba shi siginar esi don ya ƙara iska kafin kwamfiresa ta kama, kuma yanke mai na gangara ka sa shi ya dawo da mai tun wajen 1,300 zuwa 1,500 don kar ta mutu in ka taka kuloci a mahaɗa.

Saitin sanyi kuwa sau ɗaya kake samunsa a rana, da asuba. Ka fito da laftof bayan sallah kafin kowa ya taɓa motar, ka tada kana naɗar bayanai, ka ga a wane zafi ta nemi ƙarin mai a wane ta nemi ƙarin iska, ka gyara, ka jira gobe. Mu sai da muka yi mako guda a haka, kuma da hunturu ya shigo muka sake zama don sanyin Agusta daban na Janairu daban. Sulon sanyi wajen 1,200 yana sauka a hankali har ya iso na zafi.

Gwaji na ƙarshe hanya ce. Ɗauki laftof da wanda zai riƙe maka shi ku gangara Hawan Kibo zuwa Akwanga, in da hali har Abuja inda matsin iska ke wajen 95 kuma zafi ya fi. Yawancin ƙananan akwatunan nan sau ɗaya suke karanta matsin sararin sama, lokacin da ka murɗa makulli, don haka in ka sauka ƙasa ka tsaya ka kalli sulo kafin ka kashe, ka kashe ka sake tadawa ka kalla. In bambancin ya yi yawa kuma kai mai yawan zirga zirgar Jos da Abuja ne, ƙara sensa na biyu da zai riƙa karanta iskar waje koyaushe. Ka shiga cunkoson Nyanya da esi a kunne ka ga ko iska mai zafi tana sa ta rage mai, ka kashe ta minti goma ka sake tadawa da zafinta. Duk gyaran da ka yi ka adana fayil ɗin da kwanan wata, kwafi ɗaya a laftof ɗaya a waya, ka buga zanen wayoyin da kuka yi a takarda ka sa a aljihun dashbod tare da tsohon akwatin in yana ɗan motsi, don makaniken da zai buɗe motar a Lafiya ko Saminaka ranar da kake kan hanya ya san abun da ke ciki kafin ya kai hannu.